Cinikin Biri a Sama: Yadda Furosesa na Jabu Ke Shigowa ta Shagunan Intanet, da Yadda Za Ka Gane Shi

A watan Maris na 2025, Aris Mpitziopoulos, mai shafin Hardware Busters, ya karɓi furosesa samfurin Ryzen 7 9800X3D da ya yi oda daga reshen Amazon na ƙasar Jamus. Mutum ne da sana'arsa ke nan, gwajin kayan kwamfuta. Furosesan kuwa shi ne wanda masu wasannin kwamfuta ke rububi a lokacin, kamfanin AMD ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2024 a kan dala 479. Kwali ya iso a rufe, ba abin da ya nuna an taɓa shi. Da ya buɗe sai ya ga siffar abin da ke ciki ba ta yi daidai ba. Ya sa farce ya ɓare saman, ashe sitika ce aka manna. A ƙarƙashinta an rubuta FX-4100, wato tsohon furosesan da AMD ta fitar tun 2011, wanda yau ko kyauta aka ba ka sai ka yi tunanin inda za ka sa shi.

Shi ya gane nan take don idonsa ya saba. Abin tambaya shi ne, da kai ne fa? Kai da ka yi wata shida kana tara kuɗi, ka biya kuɗin kago, ka jira sati uku, sannan kwalin ya iso hannunka?

Wannan shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu warware batun nan dalla-dalla: mene ne furosesa na jabu, ta wace hanya yake shiga manyan shagunan da muka yarda da su, yaya abin ya shafi laftof da wayar da ke hannunka, kuma me za ka yi kafin ka biya da bayan ka karɓa.

Ni ma an taɓa yi min

Bari in fara da kaina, don kada a ce ina ba da labarin Turawa kawai. A waya na fara koyon rubuta manhaja, bayan na gama sakandare. Da na fara samun ɗan aikin gina shafi ga masu shaguna, sai na ƙudurta sayen laftof da za ta iya ɗaukar Android Studio. Na ga wata ta hannu a dandalin sada zumunta, an rubuta Core i7, farashinta ya yi ƙasa da na sauran da nake gani. Mai ita yana wani gari. Ya turo min hotuna da bidiyo, har da shafin Windows da ke nuna sunan furosesa. Na tura kuɗi, ya ba direba a tasha, washegari na je na karɓa.

Sitikar i7 tana nan a jikinta, Windows ma ta ce i7 ce. Amma da na buɗe Android Studio sai in tashi in yi alwala in yi sallah in dawo ba ta gama lodi ba. Na ɗauka matsalar RAM ce. Sai da wani abokina mai gyara ya ce in sauke CPU-Z, a nan na ga gaskiya: Celeron ce mai ƙwayoyin aiki biyu. Da muka bincika sai muka tarar da wani ɗan fayil da ke tashi duk lokacin da aka kunna kwamfutar, aikinsa kawai ya canja sunan furosesa a rajistar Windows. Na kira mutumin, layi ba ya shiga. Na koma shafinsa, ya toshe ni. An yi min sakiyar da ba ruwa, kuma ban da wanda zan kama.

Abin da ya fi ƙona min rai ba kuɗin ba ne kaɗai. Gwajin da zai cece ni bai fi minti biyu ba, kuma kyauta ne. Ban san shi ba ne kawai.

Me ake nufi da furosesa na jabu?

Furosesa shi ne ƙwaƙwalwar na'ura. Duk lissafin da kwamfuta ko waya ke yi, ta cikinsa yake bi. Idan ka riƙe na kwamfutar tebur a hannu, abu uku ne a haɗe: ɗan allo a ƙasa, ƙwayar silikon a tsakiya wadda ita ce ainihin furosesan, sai murfin ƙarfe a sama da ke kare ta ya kuma watsa zafi. Sunan furosesa da lambobinsa a kan murfin nan ake rubuta su.

A nan ne ya bambanta da takalmi ko caja na jabu. Babu wani ɗan damfara da zai buɗe masana'anta a lungu ya ƙera ƙwayar silikon irin ta Ryzen ko Core i9. Kamfanonin da ke iya wannan aiki a duniya ba su da yawa, irin su TSMC na Taiwan, Samsung na Koriya ta Kudu da Intel na Amurka, kuma masana'anta ɗaya tana cin biliyoyin daloli. Injin guda ɗaya na kamfanin ASML na ƙasar Holan, wanda ake zana ƙwayoyin zamani da shi, ya haura dala miliyan 100. Saboda haka ɗan damfara ba ya taɓa silikon. Murfi yake taɓawa, da kwali, da sunan da kake gani a allo. Yaudarar ta kasu kashi huɗu.

Na farko, tsoho da sabon suna. A ɗauko furosesa mai arha, a goge rubutun murfinsa a sake zana wani, ko a manna sitika, ko ma a ɓalle murfin mai tsada a liƙa wa mai arha. Wannan tsohuwar dabara ce. Tun shekarun 1990 ake goge lambar Pentium mai ƙaramin gudu a rubuta ta mai babba, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa Intel ta fara kulle gudun furosesocinta a ƙarshen shekarun.

Na biyu, fanko. Siffa ce kawai, babu silikon a ciki ko kaɗan. Ka sa a kwamfuta, ba abin da zai motsa.

Na uku, samfurin gwaji. Kafin furosesa ya fito kasuwa, kamfani kan raba wa masu ƙera kwamfuta wasu don su gwada. Na Intel akan rubuta musu Intel Confidential a murfi. Mallakin kamfanin ne, ba na sayarwa ba ne, ba su da garanti, kuma sau da yawa gudunsu bai kai na kasuwa ba ko suna da kurakuran da ba a gyara ba tukuna. Duk da haka suna cike a wasu kasuwannin intanet a farashi mai jan hankali.

Na huɗu, na hannu a kwalin sabo. Furosesan na gaske ne, amma an yi shekaru ana gasa shi, ko wani ya maido da shi don yana da matsala, aka goge shi aka sake rufewa.

Manyan shaguna ma ba su tsira ba

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka in dai shago babba ne an wuce wurin. Tarihi bai nuna haka ba.

A watan Maris na 2010, masu saye daga Newegg, ɗaya daga cikin manyan shagunan kayan kwamfuta a Amurka, suka fara karɓar Core i7-920 na bogi. A cikin kwalin akwai guntun ƙarfe mai siffar furosesa, da fanka ta roba wadda ba ta juyawa, da ɗan littafin bayani da babu komai a shafukansa. A jikin kwalin ma akwai kuskuren rubutu, an rubuta Sochet a inda ya kamata a rubuta Socket. Newegg ta amince kayan jabu ne, ta ce daga wani dillalinta suka fito, ta yanke hulɗa da shi, ta kuma sauya wa waɗanda abin ya shafa.

A 2017, 'yan watanni bayan fitowar Ryzen 7 1700, wasu masu saye daga Amazon suka buɗe kwali suka tarar da ƙaramin furosesan Intel da aka manna wa tambarin Ryzen. Abin dariya ma, Ryzen na lokacin yana da ƙafafu kamar allurai a ƙasansa, na cikin kwalin kuwa ƙasansa sumul yake.

Wanda ya fi ba masana tsoro shi ne na 2024. Roman Hartung, Bajamushen nan da aka fi sani da der8auer a YouTube, ya samo wani Ryzen 7 7800X3D da wani ya saya a kasuwar OLX ta ƙasar Romaniya a kan kusan yuro 300, ƙasa da farashinsa na kasuwa. A ido yana kama da na gaske sosai. Sai da aka ajiye shi kusa da na asali aka ga launin allonsa ya ɗan bambanta, kaurinsa bai kai ba, kuma ƙananan na'urorin da ke gefen murfi ba su da ɗan man kariyar da AMD ke shafa musu. Da ya ɓalle murfin, babu silikon ko ƙwaya ɗaya. An ma sassaƙa cikin murfin ta yadda in ka leƙa ta gefe za ka zaci akwai wani abu a ciki. Wannan ba aikin yaro mai sitika ba ne. Wani ne ya kashe kuɗi ya ƙera allo da murfi, kuma ba wanda zai yi wannan wahala don ya sayar da guda ɗaya.

Ta ina suke shiga?

Hanya mafi sauƙi ita ce ta maido da kaya. Mutum ya sayi furosesa na gaske, ya buɗe kwali a hankali, ya cire, ya sa na banza, ya rufe, ya ce ya fasa. Shago ya maido masa da kuɗinsa. Ma'aikacin da ke duba kayan da aka maido yana duba ɗaruruwan abubuwa a rana, daga tukunya zuwa takalmi, ba lallai ne ya san bambancin Ryzen da FX ba. Ya ga kwali a rufe, ya ga suna ta ɗan tagar kwalin, ya mayar da shi kan kanta. Wanda ya yi oda na gaba shi zai kwashi kashinsa a hannu.

Hanya ta biyu ita ce 'yan kasuwar da ke cikin shagon. Amazon, eBay, AliExpress, Jumia, dukkansu kamar kasuwa suke mai rumfuna da yawa. Sunan kasuwar ne a sama, amma mai rumfar daban ne. Wani ya buɗe rumfa jiya, ya sayar da kaya na sati biyu, kafin ƙorafi ya taru ya rufe ya buɗe wata da sabon suna.

Hanya ta uku ita ce cakuɗuwar kaya a rumbun ajiya. A baya, Amazon ta yi shekaru tana amfani da tsarin da kaya iri ɗaya na 'yan kasuwa daban-daban ke zama wuri guda, a ɗauko wanda ya fi kusa da mai saye. A irin wannan tsari, kana iya saye daga mutumin kirki a kawo maka kayan da wani ya zuba.

Ta huɗu kuwa tun daga dillali ne, kamar yadda ya faru da Newegg. Shagon da kansa aka yaudara kafin kai.

Ka lura da abu ɗaya: a duk misalan nan, furosesan da ake rububi ne aka kwaikwaya. Ƙarami ne, ya shiga aljihu, ga tsada, ga masu nema da yawa. In kaya ya yi ƙaranci a kasuwa, mai saye yakan yi gaggawa, gaggawar nan ita ce jarin ɗan damfara.

Me ya sa abin ya fi yi mana ciwo a nan?

Wanda ke Jamus ko Amurka, in an kawo masa na jabu, yakan ɗauki hoto, ya mayar, a maido masa da kuɗi. Amazon tana ba da kwana 30 a kan yawancin kaya. Mu kuwa galibi ba kai tsaye kayan ke zuwa ba. Ana kai su adireshin kamfanin kago a can, su jira a haɗa su da na wasu, su hau jirgi, su sauka Legas, a fitar da su daga kwastan, sannan su kamo hanyar Arewa. A wurin shagon, ranar da kaya suka isa adireshin kago ita ce ranar da ka karɓa. Kafin kwalin ya shigo hannunka rabin wa'adin ya tafi, wani lokacin ma duka. Ko da saura, kuɗin mayar da shi wani nauyi ne na daban.

Sannan akwai masu haɗa kwamfuta da kaɗan-kaɗan, saboda canjin dala ba ya barin a sayi komai lokaci guda. Wannan watan furosesa, bayan wata biyu madabod, daga baya RAM. Ranar da za a kunna, an yi wata huɗu da sayen furosesan. In fanko ne, babu sauran wanda zai saurare ka.

Akwai kuma asara ta biyu. Madabod na zamani, irin AM5 na AMD mai ƙafafu 1718 da LGA1700 na Intel, ƙafafun a cikin mazaunin madabod suke, sirara ne kamar gashi. Ka danna furosesan da ba nasa ba, ka lanƙwasa su, ka yi asarar madabod a kan asarar furosesa. In abu bai zauna da kansa ba, kada ka matsa masa.

Laftof da waya: nan ne yawancinmu muke

Na san ba kowa ne zai sayi furosesa shi kaɗai ba. Amma kowa na sayen waya, da yawa kuma na neman laftof ta karatu ko ta aiki. A cikin waɗannan, furosesan a liƙe yake da allo, ba a cire shi. Don haka ƙaryar takan koma kan sitika da abin da allo ke nunawa.

A laftof, sunan da ke shafin bayanin Windows daga rajista ake karanto shi, kuma duk wanda ya san wurin zai iya rubuta abin da ya ga dama, kamar yadda aka yi min. Sitikar Core i7 kuwa ana sayar da ita a intanet kamar alewa. Akwai ma wadda ta fi wannan zurfi, inda ake taɓa BIOS don ya riƙa ba da sunan ƙarya. Shi ya sa suna kaɗai ba hujja ba ne.

Akwai wata yaudarar da ba jabu ba ce, amma tana cin kuɗin mutane kullum: a ce maka i7 ce a yi shiru a kan zamaninta. Core i7-2600 na 2011 ne. Core i3-12100 na 2022 ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Lambobin da ke bayan sunan su ne labarin. In mai sayarwa ya ce i7 kawai, ka tambaye shi cikakkiyar lamba, ka nemi ta a shafin Intel ka ga shekarar fitowarta.

A waya kuwa, wayoyin da ake kwaikwayon Samsung Galaxy ko iPhone da su sukan zo da tsohon furosesan MediaTek mai arha, irin MT6580, amma an gyara shafin bayanin waya ya nuna Snapdragon da RAM mai yawa. Ga dabara mai sauƙi da nake amfani da ita. Furosesan Snapdragon kullum yana tafiya da na'urar zane mai suna Adreno. In waya ta ce Snapdragon gare ta, amma manhajar bincike ta nuna Mali ko PowerVR a layin GPU, ƙarya ake yi maka. iPhone ta jabu kuwa Android ce aka sa wa riga. Ka danna App Store, in ta kai ka Play Store ko wani shago daban, magana ta ƙare.

Ka sauke manhajar binciken da kanka, irin CPU-Z, AIDA64 ko Device Info HW. Kada ka yarda da wadda ka tarar a cikin wayar, don ana iya gyara ta ita ma. Danna *#06# ka kwatanta lambar IMEI da ta kwali yana da kyau, amma bai isa ba, saboda ana kwafar lambar wayar gaske a sa wa ta jabu.

Kafin ka biya

Duba wanda ke sayarwa, ba sunan shagon kaɗai ba. A Amazon akwai layi biyu a ƙarƙashin farashi, ɗaya na nuna mai sayarwa, ɗaya na nuna mai aikowa. A sauran kasuwannin ma ka buɗe shafin mai rumfar, ka ga tun yaushe yake, ka karanta ƙorafin masu tauraro ɗaya da biyu. Yabo ana iya sayensa, ƙorafi ba a cika ƙirƙirarsa ba.

Kwatanta farashi a wuri uku ko huɗu. In kowa na sayarwa a kusa da juna, mutum ɗaya ya zabge kashi ɗaya cikin uku a kan kayan da ake nema ruwa a jallo, ka tambayi kanka me ya sa yake son ka haka. Araha ba ta ado.

Ka san bambancin na kwali da na tire. Furosesan kwali na Intel da AMD yana da garantin shekara 3 daga kamfani. Na tire, wanda ake sayar wa masu haɗa kwamfuta da yawa ba tare da kwali ba, ba jabu ba ne, amma garantinsa a hannun wanda ya sayar maka yake. In ka ga ES ko QS a cikin talla, samfurin gwaji ne, ka san abin da kake saye.

Ka biya ta cikin shagon, ba ta tura kuɗi kai tsaye ba. Duk wanda ya ce ku koma WhatsApp zai rage maka, so yake ya fitar da kai daga inda za ka iya kai ƙara. In da zaɓin biya bayan an kawo, ka ɗauke shi. In kuma ta kago za ka bi, ka roƙi wakilin ya ɗauko maka hoton saman furosesan da ƙasansa tun kayan suna can, lokacin da mayarwa ke da sauƙi.

Ranar da kwali ya iso

Kunna kyamarar wayarka kafin ka yanke salatif. Bidiyo ɗaya, ba yankewa, daga lambar aikawa da ke jikin kunshi har zuwa fito da furosesan ka nuna samansa da ƙasansa. In rigima ta taso, wannan bidiyon shi ne shaidarka.

Duba hatimin kwali, ko akwai alamar an ɓare an sake mannawa. Kwatanta lambar siriyal ta jikin kwali da ta jikin furosesa. A kwalin AMD akwai lambar QR da za ka iya dubawa da waya. A na Intel akwai lamba biyu, FPO da ATPO, waɗanda za ka shigar a shafin garanti na kamfanin ka ga ko sun dace da samfurin. A murfin Intel akwai kuma wata gajeriyar lamba: ta kayan kasuwa da harafin S take farawa, ta samfurin gwaji da Q.

Shafa murfin da yatsa. Rubutun asali a jikin ƙarfen aka zana shi, ba a kan takarda ba. In farcenka ya kama gefen wani abu, sitika ce. Sannan ka buɗe hoton samfurin daga shafin kamfani ka ajiye kusa da naka. Ryzen na AM5, kamar jerin 7000 da 9000, murfinsa yana da yanka-yanka a gefe, ƙasansa kuma babu allurai. In naka yana da allurai, ba sai ka gwada ba.

Bayan ka kunna

Sauke CPU-Z daga shafin kamfanin CPUID, kyauta ce. Kada ka tsaya a suna. Duba yawan ƙwayoyin aiki, da girman ma'ajiyar L3, da sunan zubin furosesan, ka kwatanta da abin da ke shafin Intel ko AMD. Misali, Ryzen 7 9800X3D yana da ƙwayoyi 8 da L3 mai girman MB 96. FX-4100 ƙwayoyi 4 gare shi. Suna ana iya canja shi cikin minti ɗaya, amma ba a iya ƙirƙiro ƙwayar da babu ita.

Daga nan ka sa shi aiki. Cinebench ko Geekbench za su ba ka maki, ka kwatanta da na wasu masu irin samfurinka. Ɗan bambanci ba komai ba ne, zafi da RAM na iya jawo shi. Amma in naka rabin nasu ne, akwai magana. Masu Intel suna da ƙarin manhaja daga kamfanin da kansa, Intel Processor Diagnostic Tool, da ke tantance furosesan ta kuma gwada lafiyarsa.

Kuma kada ka jinkirta. In sauran kayanka ba su cika ba, ka kai shi wurin mai gyara da ke da madabod irinsa ya gwada maka a ranar. Ɗan abin da za ka ba shi bai kai ko kusa da abin da za ka rasa ba. In laftof ce ko waya kake saye hannu da hannu, a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, ka yi gwajin a gaban mai shagon kafin ka tura kuɗi. Ɗan kasuwa na gari ba zai hana ka ba, kuma su ne suka fi yawa. Wanda ya fara hanzarta ka, ya riga ya ba ka amsa.

In an riga an yi maka

Kada ka danna maɓallin da ke tabbatar da cewa ka karɓi kaya lafiya. Buɗe ƙorafi a cikin shagon a ranar, ka haɗa bidiyo, hotuna da hoton allon CPU-Z. Duk maganar da za ka yi da mai sayarwa ka yi ta a cikin shagon, inda za a iya karantawa daga baya. Kada ka ɓalle murfi ko ka ɓare sitikar gaba ɗaya, don kada a ce kai ka lalata. In ya ce ka rufe ƙorafin zai turo maka wani, kada ka rufe, yawanci so yake wa'adi ya wuce.

In da kati ka biya kuma shago ya ƙi saurarenka, ka je bankinka ka nemi a bi maka kuɗin, akwai tsarin da kamfanonin kati suka tanada don irin wannan. In mai sayarwa a Najeriya yake, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi. Sannan ka rubuta abin da ya faru a shafin mai rumfar, da hujja ba da zagi ba, don na bayanka ya tsira.

Laftof ɗin nan tawa ta Celeron har yanzu tana nan. Na ba ƙanwata tana koyon buga rubutu da ita, amma sai da na ɓare sitikar i7 ɗin tukuna. Wadda nake aiki da ita yanzu, a shago na saye ta, na zauna a kan benci na kusan rabin awa ina gwaji, mai shagon yana min dariya yana cewa ko aure zan yi. Na biya fiye da abin da na biya a karon farko, amma ban sake komawa ba. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.